Iso a Ƙofar Ƙal'ar Salahuddin

Alƙahira,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Baban Kausar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Kausar da Yasir, da Hajiya da duk mutanen gida. Yaya Mafara, yaya aikin Bakolori? Ina fata an sako muku ruwa a layinku, albasa ba ta sha wuya ba. Mu nan sai godiyar Allah.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na rubuta ne na ɗauki hotonta na turo, don labari ya iso mini na abin da ka yi da saƙon muryar da na aiko ranar da muka sauka. Wai a majalisar ƙofar gida ka buɗe shi, kowa ya ji matarka tana cewa ta yi kewarka. Na gode, ba zan ƙara ba. Wannan ka karanta kai kaɗai. In ka je Maradun ka tsakura wa Inna abin da ba zai tayar mata da hankali ba.

Jiya mun ga likita. Idon Baba na hagu dai ya tafi, wannan mun sani tun daga gida. Na daman ne muka zo dominsa. Likita ya ce jijiyar ta yi rauni ƙwarai. In an bar shi haka, zai rufe kafin baɗi. In an yi aiki, ko dai a ceto ɗan abin da ya rage, ko ya rufe gaba ɗaya a ranar. An sa aikin ranar Alhamis. Malam Ayuba ne ya fassara mana, mutumin Bakura da ƙanena Anas ya haɗa mu da shi, wanda ya daɗe a nan yana yi wa marasa lafiya tafinta. Amma ka san abin da surukinka ya tambaya bayan duk wannan bayani? Wai ina Ƙal'a take, kuma da nisa daga masaukinmu?

Ka tuna hoton nan da ke rataye a zauren marigayi Hakimi, wanda na taɓa nuna maka, mai katangar dutse da masallaci mai ƙubbobi a kan tudu? To shi ne. Tsohuwar fadar sarakunan Misra ce, ana ce mata Ƙal'ar Salahuddin. Hakimi ya zo da hoton ne tun yana da sauran ƙarfi, lokacin da ya biyo ta nan. A ƙarƙashin hoton nan Baba ya ƙare rayuwarsa a tsaye yana yi wa mutane iso. Baƙo ya zo, ya tambaye shi wa za a ce, ya shiga ya faɗa, ya dawo da amsa. Kuma ka san Hakimi ba mai yawan magana ba ne. In Baba ya faɗi sunan baƙo ya ji shiru, to a shigo da shi. In ya ji gyaran murya, baƙo ya dawo gobe. Hakimi ya sha yi masa alkawarin zai kawo shi ya ga wurin da idonsa, har Allah ya yi masa rasuwa bai cika ba.

Yanzu na gane dalilin da ya sa bai yi gardama ba da aka ce Misra za a kawo shi, shi da ko Gusau sai an yi da gaske yake zuwa. Ni ma na ƙudurta a raina, ko ana ha-maza-ha-mata sai ya ga wurin nan kafin Alhamis. In idon zai tafi, ya tafi da shi a ciki. Gobe za mu je da yardar Allah.

Masaukinmu a bene na sama yake, lifta kuma ta lalace, hawa da sauka sun gama da ƙafafuna. Abincinsu shinkafa ce da taliya da wake duk a kwano ɗaya. Baba ya ɗanɗana ya ture, wai wannan wulaƙanta shinkafa ne. Ka gaida Hajiya, ka ce wa Kausar ta riƙa tsefe kanta da kanta, ta girma.

Taka har kullum,
Taibatu.


Alƙahira,
Ranar Lahadi.

Baban Kausar,

Sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Ina fata kun wuni lafiya kai da yara. Yaya tarin Yasir? Allah ya ƙara sauƙi. Ka yi haƙuri da rubutun nan, cikin takaici nake yin sa.

Mun je. Ba mu shiga ba.

Tun da asuba Baba ya shirya. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya naɗa rawani, ya fesa turare har sai da na yi atishawa. Ashe akwai ƙullin goro da ya ɓoyo a jakarsa tun daga Maradun, wai gaisuwar mai gida. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka halin tsofaffi ne. Muka shiga tasi, muka sha cunkoso da hon kamar kunnena zai tsage. Da katangar ta bayyana a kan tudu, ya manna fuskarsa da gilashin mota, ya ce yana ganin wani abu kamar dutse ya tare sama. Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini don murna.

Na bi layi na yanko tikiti. Muna isa bakin ƙofa sai ya ja ya tsaya. Ya tuɓe takalmansa, ya gyara rawani, ya rangaɗa sallama da muryar nan tasa ta fada. Ya jira. Ya sake. Turawa 'yan yawon buɗe ido suka juyo suna ɗaukarsa hoto, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Sannan ya ce wa Malam Ayuba ya nemo mai iso, a sanar da mai gida baƙo ya zo daga ƙasar Zamfara.

Malam Ayuba ya yi masa bayani da lalama, cewa babu sarki a ciki, an daɗe da barin zama a nan, wurin kallo ne yanzu, kowa da tikitinsa yake shiga. Baba ya ce gida mai ƙofa irin wannan ba ya rasa mai shi. Wai tikiti na tashar mota ne, shi ba lodi ya zo ba. Wai ya kori mutane da yawa da suka nemi kutsawa wurin Hakimi ba iso, har da masu manyan motoci, yau kuma shi ne zai kutsa fadar wani kamar akuya ta ga ƙofa a buɗe? Ya samu wani dutse a gefen ƙofa ya zauna, goronsa a cinya.

Baban Kausar, na roƙe shi. Na durƙusa a gaban jama'a na roƙe shi. Na ce Baba, dubi mutane suna shiga, har da malamai masu rawani. Na ce saura kwana nawa Alhamis? Abin da ya fi ƙona mini rai, ka san ni ɗiyar fari ce, ba ya kiran sunana, ba ya duban fuskata, tun ina ƙarama haka muke. To ko a nan, a ƙasar da ba wanda ya san mu, bai fasa ba. Ina gabansa ina magana, shi kuma yana juya kai wajen Malam Ayuba yana cewa a gaya mata ta yi haƙuri. A gaya mata! Kamar ni ce Balarabiyar da ke buƙatar tafinta.

Haka muka zauna cikin rana har azahar ta gota. Da ya ga ba wanda ya fito, sai ya sa takalmansa ya ce mai gida na da uzuri yau, mu dawo. Ya faɗi haka hankalinsa kwance.

Anas ya kyauta. Shi ya kamata ya yi rakiyar nan, ya fake da haihuwar matarsa ya bar ni da wannan aiki. In ka gan shi a kasuwar Bakura ka gaya masa ina nan tafe da shi. Malam Ayuba ya ce yana da wata dabara, za mu gwada jibi. Ka taya mu da addu'a.

Matarka,
Taibatu.


Alƙahira,
Ranar Talata.

Baban Kausar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida yara da Hajiya, da fatan kowa lafiya. Na ga amsarka. Ka ce in bi shi a hankali, tsoho ne. Daga Mafara ai da sauƙin faɗa. Kai da ke cewa abin ya ba ka dariya, to ka ƙara da wannan.

Dabarar Malam Ayuba ita ce, akwai wani mutum mai sayar da tsarabar 'yan kallo a bakin ƙofar, ƙananan raƙuma na roba da zobban makulli, yana sanye da jallabiya mai kyau. Suka shirya da shi ya fito a matsayin mai iso. Ban so ba, amma na ce in dai Baba zai shiga, a yi.

Baba ya yi sallama kamar waccan rana. Mutumin ya taho da fara'a, ya dafa ƙirji, ya zuba Larabci, ya nuna wai zai shiga ya sanar. Ya ɗan zagaya bayan ɗakin tikiti, ya dawo yana nuna hanya da hannu biyu. Na ce alhamdulillahi, na kama jakata. Baba ko motsi bai yi ba. Ya ce wa Malam Ayuba, wannan bawan Allah bai tambayi sunansa ba, to wa ya ce ya zo? Ya ce kuma tun da ya bar nan yana jin ƙarar tarkacen da ke rataye a wuyansa, ko taku goma bai yi ba. Sannan ya ce a ba shi goro ɗaya don wahalarsa, amma a gaya masa ƙarya a bakin ƙofa ba ta da kyau.

A nan ne na ɓalle. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce wace irin masifa ce wannan? Na ce mun baro gida, na bar 'ya'yana, na bar makarantar da nake koyarwa, saboda idonsa, shi kuma yana nan yana wasa da kwanakin da suka rage masa. Na ce ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙofar wani, ranar ɗaurin aurena ma a ƙofar Hakimi aka je aka kira shi. Na ce Hakimin da yake yi wa wannan biyayya ai bai kawo shi ba, ni na kawo shi. Na faɗa da ƙarfi, Baban Kausar, har masu gadi suka juyo.

Ya laluba takalmansa da ƙafa, ya sa, ya ce wa Malam Ayuba mu tafi. Wannan karon bai ce mu dawo ba.

Tun da muka iso masauki yake zaune a kan darduma. Na dafa masa tuwon semo da kukar da na zo da ita, bai taɓa ba. Na san na yi rashin kunya, kuma zan ba shi haƙuri, amma wallahi har yanzu raina bai huce ba. Ni ba don kaina nake so ya shiga ba. Me ya dame ni da katangar dutse? Tsorona kada a buɗe masa ido bayan Alhamis ya ga duhu, ya zauna sauran rayuwarsa a Maradun yana tuna cewa ya zo har bakin ƙofa ya koma. Shi zai iya haƙura da haka, ni ce ba zan iya ba.

Gobe da safe akwai gwaje-gwaje a asibiti. Na gaya wa Malam Ayuba ni da Ƙal'a har abada, kada ya ƙara ambata mini ita. Kada ka gaya wa Inna wannan.

Taka mai ɓacin rai,
Taibatu.


Alƙahira,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Baban Kausar,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da yara da Hajiya. Na ga kiranka da yawa, ka yafe mini rashin ɗauka. Ban iya magana ba ne. Yau na samu natsuwa, bari in ba ka labari daga inda na tsaya.

Ranar Laraba mun daɗe a asibiti, sai bayan azahar muka fito. Baba bai ambaci Ƙal'a ba. Amma da muka shiga tasi sai na ga ƙullin goron nan a cinyarsa, ya riƙe shi da hannu biyu. Ashe ya fito da shi tun safe bai gaya wa kowa ba. Na yi tsaki a raina, na ce wa Malam Ayuba ya gaya wa direba ya juya zuwa Ƙal'a.

A hanya na tambayi Malam Ayuba, tsakaninsa da Allah, duk cikin masu gidan nan babu ko ɗaya a ciki? Ya ce rayayye dai babu, amma sarkin da ya gina masallacin saman tudun, kabarinsa na cikin masallacin. Na ce to shi ke nan.

Da Baba ya zauna a kan dutsensa, na tuɓe takalmana na durƙusa a gabansa. Na ɗauki goron daga cinyarsa. Na tambaye shi yadda na sha jin yana tambayar baƙi tun ina yarinya, na ce wa za a ce? Can sai ya faɗi sunansa da garinsu, a hankali, ba ta bakin Malam Ayuba ba.

Ba zan ɓoye maka ba, ina wuce ƙofar farko na samu inuwa na tsaya. Zuciyata ta ce ki huta nan, ki koma ki ce an yi iso, wa ya gan ki? Ga hawa a gabana mai tsawo, ga rana, ga la'asar ta kusa, kuma da yamma suke rufewa. Sai na tuna mai raƙuman roba. Na ce oh ni Taibatu, na ɗaure gyale na kama hawa, ina tafe ina mita. Duk wanda ya gan ni ya san ba yawon kallo na zo ba.

Masallacin ya fi yadda hoton ya nuna nesa ba kusa ba, amma ban tsaya kallo ba. Kabarin na gefen ƙofa daga ciki, an kewaye shi da shingen tagulla. Na tsaya na yi sallamar da ake yi wa mutanen kabari, na yi masa addu'ar rahama. Sannan na ce, da Hausa, da ƙarfi yadda Baba ke yi, Ɗanlami mai iso na ƙasar Maradun yana bakin ƙofa, yana neman izinin shigowa. Ka san tun da aka haife ni ban taɓa furta sunan nan da bakina ba. Na tsaya na saurara, don haka aikin yake. Goron kuwa na ba wata tsohuwa mai shara sadaka. Ta gatsa ta yamutsa fuska, ta bi ni da kallo.

Da gudu na gangaro, takalma a hannu, na manta ban sa ba, duwatsun nan suna gasa mini ƙafa. Na tarar da Baba a tsaye. Na durƙusa ina haki, na ce na shiga, na faɗi sunansa, ba a yi gyaran murya ba.

Ka san baƙo fuskar mai iso yake dubawa don ya gane amsa. To Baba ya sunkuyo ya dube ni. Ya kawo idon nan nasa na dama kusa da fuskata, ya daɗe yana kallo, har na rasa inda zan sa kaina. Sannan ya miƙe ya gyara riga, ya ce to in shige gaba.

A hankali muka hau, yana shafa katanga da tafin hannu. Ƙubbobin ya ce yana ganin ƙyallinsu. Da muka isa inda ake hango gari, na yi ta nuna masa hasumiyoyi, ya ce shi hayaƙi kawai yake gani, amma hayaƙi mai faɗi. Ya yi wa Hakimi addu'a a wurin. Ba mu daɗe ba masu gadi suka fara sallamar mutane. Na ji haushi ƙwarai, da ya shiga tun ranar Lahadi da mun wuni a ciki. Na faɗa masa haka, ya yi kamar bai ji ba.

An yi aiki ranar Alhamis. Jiya aka cire bandeji. Baban Kausar, idon bai tsira ba. Yana bambance haske da duhu, shi ke nan, kuma likita ya ce kada mu sa rai da fiye da haka. Na shiga banɗaki na yi kuka har na gode Allah. Ka je Maradun da kanka ka gaya wa Inna, kada ta ji a waya. Ka ce wa Anas ya shirya tarbarmu, kuma na fasa faɗan da na yi masa tanadi, ba ni da ƙarfinsa.

Shi kuwa Baba ko a jikinsa. Ɗazu Malam Ayuba ya zo duba shi, ina kicin ina jin su. Ya tambaye shi me ya fi burge shi a Ƙal'a. Baba ya ce katanga dai katanga ce, ta yi kyau, Allah ya jiƙan masu ginin. Ya ce amma shekara da shekaru yana yi wa mutane iso, ranar ce aka fara yi masa. Ya ce mai ison gidan tana da zafin rai, bakinta kuma ba linzami, amma da gaske ta shiga, ya ji a numfashinta. Wai da ya dube ta sai ya ga ashe da mahaifiyarsa take kama, har tsagar goshin in ta ɓata rai, kuma ya gode Allah da ya duba kafin a kashe fitila.

Bayan Malam Ayuba ya tafi ina wanke kwanuka, sai na ji an ce Taibatu, a kawo ruwa. Na tsaya da kwano a hannu. Na ji sarai, amma na yi shiru kamar ban ji ba, don ya sake kira. Ya kuwa sake.

Ka shafa mini kan Kausar da Yasir. Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Taibatu.